Laraba: lasisi uku a tukunya ɗaya

Ko shayi ban sha ba na ga saƙon. Wani bawan Allah ne da ke son shigar da 'yar manhajarmu cikin rumbun Debian, wani tsarin kwamfuta na Linux mai tattara manhajojin da kowa ke da 'yancin amfani da su. Ya ce ya zauna zai cike fayil ɗin haƙƙin mallaka da suke buƙata ga duk manhajar da za su karɓa, sai ya rasa abin da zai rubuta. Lasisi, wato sharuɗɗan amfani da manhaja da rarraba ta, har iri uku ya gani. Fayil ɗin LICENSE ya ce MIT. README, fayil ɗin bayanin manhajar, ya ce GPL. Akwai kuma wani fayil a ciki da ke ɗauke da hatimin Apache 2.0 a samansa. Ya tambaya cikin ladabi, wanne ne na gaskiya?

Kunya ta kama ni, don ni na dama wannan kunun. Manhajar ba wata babba ba ce, aikinta gyara rubutun Hausa, ta mayar da k' da d' da b' zuwa ƙ da ɗ da ɓ, ta kuma sauya 'y irin ta Najeriya zuwa ƴ irin ta Nijar ga mai so. Lokacin da na fara ta na danna MIT ne kawai saboda shi ne mafi gajarta, ban ma karanta shi ba sai daga baya.

Na ce abin minti biyar ne: in goge kalmar GPL daga README, shi ke nan. Har na buɗe fayil ɗin, sai zuciyata ta ce bari dai in duba wanda ya sa ta. Na bi tarihin git, mai ajiye wanda ya canza me a manhajar, layi-layi. Ashe malaminmu na Maraɗi ne, wanda ya rubuta ɓangaren da ke gane kalma daga muhallinta, wato abin da ke bambanta "kasa" da "ƙasa". Wannan ɓangaren shi ne zuciyar manhajar. A saman fayil ɗinsa ya rubuta ƙarara cewa aikinsa yana ƙarƙashin GPL siga ta 2, bai ƙara da "ko wadda ta biyo baya" ba, kalmomin da ke ba da damar komawa sabuwar siga. Ni kuma na karɓa na haɗa, ina ta murna, ban ɗaga ido na karanta layuka huɗun farko ba.

Nan jikina ya yi sanyi. Waɗannan 'yan kalmomin da ya bari su ne duk rigimar. GPL ta 2 ta fito a 1991, Apache 2.0 kuwa a 2004, kuma a fahimtar Free Software Foundation, waɗanda suka rubuta GPL ɗin, ba a haɗa su a aiki ɗaya a rarraba. Dalili shi ne Apache ya zo da sharuɗɗa kan haƙƙin ƙirƙira, ita kuwa GPL ta 2 ta hana a ɗora wa mai karɓa wani sharaɗin da ba nata ba. Sai da GPL ta 3 ta fito a 2007 aka buɗe wannan ƙofar. Ke nan fayil ɗin Malam da wancan da na ɗebo daga wani aikin Apache sun daɗe suna kwana ɗaki ɗaya ba aure.

Aka ɗauke wuta wajen sha ɗaya. Na koma kan batir, na rage hasken allo.

Bayan azahar na kira Malam. Mun daɗe muna gaisuwa, ya tambayi iyali da sanyin bana, sannan na shigar da buƙatata, ina ta kewaye-kewaye.

"Malam, da za ka yarda mu mayar da komai MIT, da an huta."

Ya yi shiru, har na zaci layin ya yanke. Sai ya ce, "Ƙanena, ka san dare nawa na yi ina tace jerin kalmomin nan? Ban hana kowa amfani ba. Amma wani ya ɗauka ya gyara ya kulle, ya dawo yana sayar wa 'ya'yanmu ba tare da ya buɗe gyaransa ba, wannan ban yarda ba. Da gangan na sa GPL."

Ban da amsa. Ni a wajena MIT sauƙi ne, kowa ya ɗauka ya yi yadda ya ga dama muddin ya bar sunan mai aiki da rubutun lasisin. Har yanzu ina ganin ƙaramar manhaja irin tamu ta fi saurin yaɗuwa a haka. Sai dai aikin nasa ne, ba nawa ba, kuma riƙe makullin rumbu bai mayar da ni mai hatsin da ke ciki ba. Na yi masa bayanin matsalar Apache, na ce to ko zai ƙara "ko wadda ta biyo baya", mu ɗaga duka zuwa GPL ta 3. Ya tambaya ko za ta ci gaba da tilasta buɗe gyara. Na ce eh. Ya ce, "To lahiya lau." Na roƙe shi ya rubuto a imel, don maganar waya ba ta zama hujja. Ya yi dariya ya ce na zama lauya.

Saura mutum biyar da suka taɓa sa hannu. A ƙa'ida, abin da aka bayar a MIT ana iya shigar da shi cikin GPL ba sai an sake neman izini ba, a bar sanarwarsa kawai. Amma da wane lasisi su suka bayar, alhali ƙofar gidan na ɗauke da alluna biyu? Gara in tambayi kowa. Ina cikin rubuta wasiƙun na tuna OpenSSL, wata babbar manhajar tsaron sadarwa: a 2017 suka fara bin masu gudummawarsu da imel don komawa Apache 2.0, sai a 2021 siga ta 3.0 ta fito da sabon lasisin. Nawa mutum biyar ne, na daina ƙorafi.

Da la'asar na sa ScanCode, manhajar da ke gano lasisi, ta bi fayilolin duka, ko akwai abin da ya ɓuya. Ba ta nuna sabon abu ba, idona ne ya faɗa kan wani ɗan sharhi da na bari da hannuna: "daga Stack Overflow", shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja. Layi goma sha biyu. Abin da ake sawa a can yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA na ƙungiyar Creative Commons ne, kuma amsar da na kwasa ta girmi watan Mayun 2018, wato tsohuwar siga ce, ba ta 4.0 da Creative Commons ta amince a shigar cikin GPL ta 3 ba. Ban tsaya dogon lissafi ba. Na goge su, na rufe shafin, na sake rubuta aikin da kaina daga abin da gwaje-gwajenmu ke buƙata. Ya fito layi tara, ya ma fi na da tsafta.

Daga nan sai aikin hannu, mai gundura. Kowane fayil na sa masa layin SPDX a sama, gajeren layi mai faɗin lasisinsa, irin wanda aka fara bazawa a fayilolin Linux a 2017: namu GPL-3.0-or-later, na aro kuma ya riƙe Apache-2.0 da sunan masu shi. Na buɗe jakar LICENSES na zuba cikakken rubutun kowane lasisi kamar yadda REUSE, tsarin bayyana lasisin manhaja, ya tanada. Sigogin da muka riga muka saki ba yadda zan yi da su, sai dai na rubuta gaskiyar abin da ya faru a bayanin canje-canje. Ban haɗa gyaran da babban reshen manhajar ba tukuna, yana gefe yana jiran amsoshi.

Yanzu ƙarfe goma da rabi. Imel ɗin Malam ya iso, layi biyu da sunansa a ƙasa, na adana shi a wuri uku. Uku daga cikin biyar sun amsa sun yarda, ɗaya har da cewa bai ma san muna da lasisi ba. Ɗaya shiru. Na biyar wasiƙar ta dawo, adireshin ya mutu. Na duba gudummawarsa, aiki ɗaya ne da ke kula da manyan baƙaƙe, Ƙ da Ɗ da Ɓ. Akwai wanda ya ce sun yi makaranta tare a Zariya, gobe zan nemi lambarsa. Na rubuta wa mutumin Debian cewa ya ba ni mako guda.