Saro albasa da kifi a Keta, abinda na gani da idona

Duk wanda zai shiga harkar saro kaya daga gaɓar tekun yankin Volta a Gana, to ya fara gane yadda ƙasar wurin take tukuna, dan wallahi ita ke yanke komai har farashi. Ni a Nima aka haife ni, zangon Accra, kuma kawuna ne ya fara tura ni Anloga da Keta in riƙa saro masa ƙananan albasa da busasshen kifi. In ka fito daga Accra hanyar Aflao zaka bi, ka haye gadar Sogakope, a Dabala ka karya kwana, daga nan ƙasa sai tsukewa take har ka iso inda teku ke damanka, tafkin Keta na hagunka, tsakaninsu rairayi ne ɗan siriri, kuma a kansa komai yake, gidaje da gonaki da maƙabarta da babban titin guda ɗaya.

Mutanen Anlo ne a wajen, Ewe suke yi. Namiji babba ka ce masa Efo, mace ka ce Daavi, wannan kaɗai ya isa a saki fuska da kai.

Noman albasarsu shi ya fi tsaya min a rai. Rairayi ne zalla fa, ba ya riƙe ruwa, ba shi da wani ƙarfi, amma haka suke jibga masa kashin shanu da na kaji su yanka fangali dogaye, su haƙa 'yan rijiyoyi marasa zurfi a tsakiyar gona, wasu har yanzu da bokiti suke ban ruwa safe da yamma, masu ɗan hali sun kafa bututu da injin. Wani dattijo da nake saye a wajensa ya sa na ɗanɗana ruwan rijiyoyinsa biyu, ɗaya garɗi, ɗayar da ke kusa da tafki kuwa gishiri gishiri. Yace ruwan daɗin a sama yake kwance, na gishiri na ƙarƙashinsa, in aka matsa wa rijiya da ja sai gishirin ya hau. Ga kuma ɗaya matsalar, in damina tayi ƙarfi tafkin ya cika sai ya shanye gonakin da ke kwari. Shi yasa yanzu kafin in tambayi kuɗin dami, sai na fara bugo waya in ji ina ruwan tafki ya kai, daga amsar nake sanin ko albasa zata yi tsada.

Kifi kuma maza ke kamowa, zaka ga mutane jere a bakin ruwa suna jan igiyar taru da waƙa, amma kuɗin a hannun mata yake. Su ke banda, su ke shanya ƙananan nan da suke kira abobi, su ke yanke farashi. In ka tsallake su ka je wajen mai kwalekwale kai tsaye ka ɓata lokacinka ne. Kuma akwai shekarun da gwamnati ta rufe kamun kifi a watan Yuli, sai ka tanadi kayanka tun kafin nan. Gishiri sai da rani, in gefen tafkin ya ƙafe.

Abinda ke ci min rai shi ne yadda teku ke cinye garin. Akwai tsohuwar ganuwa da Turawan Denmark suka gina a 1784, Fort Prinzenstein, inda aka tsare bayi, yanzu ruwa ya cinye wani ɓangarenta, kuma tsofaffi zasu nuna maka tsakiyar teku su ce can unguwarsu take. Cikin dalilan akwai dam ɗin Akosombo da aka gama a 1965, ya tare yashin da kogin Volta ke kawowa gaɓa. An yi aikin kariya da manyan duwatsu wanda aka kammala wajen 2004, ya taimaki Keta sosai, amma ƙauyukan da ke gabas inda duwatsun basu kai ba sun sha wuya, irinsu Agavedzi da Salakope, a Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan gaɓar.

Wata Daavi da nake ba kuɗin kifi tun kafin a kama tana cikin waɗanda abin ya shafa, murhunan bandarta da itacen da ta tara duk ruwa ya tafi da su. Na kira kawu nace kawu ya zamu yi, yace bar mata kuɗin ta sake gina murhu, kar ka kuskura ka yi mata maganarsu yanzu. Ta gina a wani tudu can nesa da ruwa, ta biya mu da kifi kaɗan kaɗan har ta gama, kuma har gobe a wajenta nake saye. Sai dai yanzu mota sai ta ɗauko mata kifin daga bakin teku zuwa inda take banda, wannan kuɗin motar ya hau kan kowane kwando.