Wasiƙa zuwa ga mutanen Damagaram: da me za a cike haƙorin da ya yi kogo?

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Damagaram, daga Birni da Zango har Mirriya, Magariya da Matamai. Muna gaishe ku, da fatan kowa na lafiya tare da iyali. Mu ƴaƴanku ne masu aikin haƙori a Faransa da Beljiyam. Abin da ya sa muka rubuto shi ne tambayar da ta yawaita tun da labari ya iso gida cewa Turai ta hana cikon ƙarfe, wannan mai launin toka da ake sa wa turame. Wasu na tambaya ko su je a ƙwaƙule wanda ke bakinsu, wasu kuma sun ce ba za su yarda a sa musu komai ba sai fari. Amsarmu ita ce babu cikon da ya dace da kowane haƙori. Wurin da kogon yake, da girmansa, da ko za a iya tsare shi daga yawu lokacin aiki, su ke nuna abin da za a sa.

Kafin a zo ga zaɓi, ku sani ba kowane haƙori mai ciwo ake cikewa ba. Idan ruwan sanyi ko zaƙi ya taɓa shi ya yi tsami na ɗan lokaci ya daina, jijiyar tana da sauran lafiya, ciko zai wadatar. Idan kuwa yana zugi da kansa, yana hana barci, ko dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya, ruɓar ta kai ga jijiya. Rufe irin wannan haƙori kulle ƙwayoyin cuta ne a ciki, kuma ciwon zai dawo fiye da da. Sai dai a cire jijiyar a wanke saiwar a toshe ta, ko a cire haƙorin. Kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa ko ya haura wajen ido, musamman da zazzaɓi, ba ya jiran gobe: a nufi babban asibitin Zinder a ranar.

Cikon ƙarfe, wanda likitoci ke kira amalgam, kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuma garin azurfa, kuza da tagulla. Babu dalma a cikinsa. An fi shekara 150 ana aiki da shi, kuma dalili a fili yake: yana jure tauna, yana da araha, ɗan danshi ba ya ɓata shi, kuma a turmi yakan kai shekara 10 zuwa 15, wani har ya wuce. Aibinsa shi ne ba ya mannewa da haƙori. Dole likita ya fafe ramin ta yadda cikinsa zai fi bakinsa faɗi, kamar tulu, da zurfin da ya kai milimita 1.5 zuwa 2, don cikon ya maƙale kuma kada ya tsage. Ke nan ana asarar wani ɓangare na lafiyayyen haƙori. Ba ya gama ƙarfi sai bayan awa 24, don haka a ranar da aka sa shi kada a tauna abu mai tauri a wannan gefe.

Maganar hanin kuwa, ga yadda take. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata don rage zaibar da ke shiga ruwa, ƙasa da iska, ta fara aiki a 2017, kuma Nijar na cikinta. Tarayyar Turai ta daina sa amalgam ga yara ƴan ƙasa da shekara 15, da masu ciki da masu shayarwa tun 2018, sannan ta hana shi ga kowa daga 1 ga Janairu 2025, sai inda likita ya ga larura. Babban dalilin shi ne gurɓata muhalli. Saboda haka muna roƙonku, wanda ke da cikon ƙarfe lafiyayye, bai tsage ba, gefensa bai buɗe ba, ya bar shi a wurinsa. Lokacin ƙwaƙulewa ne tururin zaiba ya fi fita, kuma duk sanda aka sake ciko ramin ƙara girma yake. Ga mai ciki, mai goyo, yaro da mai ciwon ƙoda, a zaɓi wani abin idan za a yi sabon ciko.

Farin cikon da kowa ke so shi ne kwamfozit: wani irin roba ne da aka cuɗa da garin gilashi mai laushi, ana zaɓen launinsa daidai da haƙori. A haƙoran gaba ba shi da abokin takara. Yana mannewa, don haka ba a cire komai sai ruɓar. Amma aikinsa yana da tsari, kuma kowane mataki aka yi wa ha'inci sai ya nuna daga baya. Ana shafa wani shuɗin asid na daƙiƙa 15 zuwa 30 don fuskar haƙorin ta yi kaushi, a wanke, a busar daidai gwargwado, a shafa gam, a haska masa fitila mai shuɗin haske. Daga nan a riƙa zuba cikon kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce kaurin milimita 2 ba, ana haska shi kamar daƙiƙa 20. Dalilin zubin kaɗan-kaɗan biyu ne: hasken ba ya ratsa mai kauri, sai sama ta daskare ƙasa ta zauna da laushi, kuma cikon yana ɗan tsukewa yayin daskarewa, idan an zuba shi gaba ɗaya sai ya janye daga bangon ramin ya bar ƴar kafa. Ta wannan kafa abinci da ƙwayoyin cuta ke shiga, sai a ga baƙin zare ya zagaye cikon, ruɓa ta sake tashi a ƙarƙashinsa.

Babban maƙiyin kwamfozit shi ne yawu da jini. Ɗigo ɗaya a kan gam ya isa ya hana shi kamawa. Shi ya sa ake shimfiɗa siririyar roba a keɓe haƙorin, ko a ƙalla a jera auduga a riƙa zuƙe yawun da na'ura. Yana kuma buƙatar wutar lantarki ko fitila mai cikakken caji, kuma gam ɗin yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce digiri 40. Idan kogon ya nutse ƙarƙashin dasashi inda jini ke tsattsafowa, ko yaro ne da ba zai buɗe baki na rabin awa ba, kwamfozit ba shi ne zaɓi ba, komai kyansa. Masu shayi da goro da taba su san cewa gefensa zai yi launi da shekaru. Wannan sau da yawa gogewa kawai yake so, ba sauyawa ba.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, alhali a ganinmu shi ya fi dacewa da yawancin ƙananan asibitocinmu: simintin gilashi, wanda ake rubutawa CVI a takardar likita. Gari ne da ruwa ake kwaɓawa, yana kama haƙori da kansa ba tare da gam ko fitila ba, kuma yana sakin fulorayid a hankali, wanda ke ƙarfafa bangon ramin. A Tanzaniya, cikin shekarun 1980, aka fito da hanyar sa shi da kayan hannu kawai, ba inji ba wuta, sau da yawa ma ba allura. Ana kankare ruɓar mai laushi da ɗan ƙaramin cokali, a goge ramin da ruwan simintin na daƙiƙa 10 zuwa 15, a wanke, a tsane da auduga, a kwaɓa cikin rabin minti, a cusa, a danna da yatsa mai safar hannu da aka shafa wa basilin. Awa ɗaya ba a cin komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Yana yin kyau a haƙoran yara, a wuyan haƙori kusa da dasashi, ga tsofaffi masu bushewar baki, da ƙaramin kogo a saman turmi. Rauninsa shi ne yana gogewa da tauna, kuma a babban kogon da ya ci har tsakanin haƙora biyu yakan karye da wuri. Zafi yana sa ya daskare da sauri, kuma idan an ƙara masa ruwa don ya yi saukin cusawa ƙarfinsa raguwa yake.

Ga ƙaramin yaro da ba zai zauna ba sam, akwai ruwan azurfa da fulorayid da ake ɗigawa a kogon, ya tsayar da ruɓar, a maimaita bayan wata 6. Wurin zai yi baƙi ƙirin, gara iyaye su san haka tun farko. A kuma lura da turmin da ke fitowa can baya a shekara 6: ba ya famfara, na dindindin ne, kuma shi ya fi saurin ruɓewa ba a ankara ba.

Farin abin nan mai ƙamshin kanumfari da ake sawa a ce ka dawo, na wucin gadi ne, na ƴan makonni. Mutane da yawa ciwo na lafawa sai su ɗauka an gama, har ya zube kogon ya ƙara faɗi. Idan kuma fiye da rabin haƙorin ya tafi, ko an cire jijiyar turmi, ciko kowane iri ne ba zai hana shi tsagewa ba. Hula yake so, ta ƙarfe ko ta tangaran, wadda ake auna bakin a ƙera, a dawo a manna. Ta fi tsada nesa, amma tana ceton saiwar. Ruwan batir, kanwa, ko dakakkiyar ƙwayar asfirin da ake cusawa a kogo kuwa, ƙona dasashi kawai suke, ruɓar na nan tana ci.

In kun zauna gaban likita, ku tambaye shi ko jijiyar na da lafiya, ko akwai buƙatar hoton haƙori, wane ciko zai sa kuma don me, na dindindin ne ko na wucin gadi, da nawa ne kuɗin duka. Kafin ku tashi, ku cije a hankali. Idan cikon ne ke fara taɓa abokinsa kafin sauran haƙora, ya yi tudu, a rage shi nan take, don tudun yana kawo ciwo wajen tauna kuma yana fasa cikon. Idan a tsakanin haƙora ne, zaren sakace ya shiga ya fita ba tare da ya tsinke ba. In yana maƙalewa, akwai ɓurɓushin da zai riƙa tara abinci yana sa dasashi jini. Kada a ci abinci sai allurar kashe zafi ta sake, don kada a ciji leɓe. Ɗan tsami da ruwan sanyi na mako 1 zuwa 2 ba abin damuwa ba ne in yana raguwa. In yana ƙaruwa, a koma.

Ciko ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke kewaye da shi yana ruɓewa. Yawan sau nawa sukari ke shiga baki ya fi yawansa illa: shayin da ake kurɓa daga hantsi har dare yana barin haƙora cikin asid mai cin su yini guda. A goge baki sau 2 a rana, musamman kafin barci, da man da aka rubuta 1000 zuwa 1500 ppm na fulorayid a jikinsa, a tofar ba tare da kurkurewa ba. Asuwaki yana da amfani, a ci gaba da shi tare da man. A kai haƙorin da aka cike a duba shi sau ɗaya a shekara ko da ba ya ciwo.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar zumunci. A gaida mutanen gida.