Abin da na koya daga baƙin murabba'in Malevich

A duk karatun tarihin zane da na yi, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Kazimir Malevich, mai zane da ya yi aiki a Rasha. A watan Disamba na 1915, a birnin Petrograd (St. Petersburg ta yau), ya baje wani zane: baƙin murabba'i a kan farin fage, ba mutum, ba itace, ba doki. Can sama a kusurwar ɗaki ya rataye shi, daidai inda Rashawa kan sa hotunansu na ibada. Mu da muka taso muna ganin ado a fuskar soro da ɗinkin hula, siffa zalla ba baƙuwarmu ba ce. A Turai ta wancan lokaci kuwa, abin ya ta da ƙura.

Bayan juyin juya halin 1917 a Rasha, sabuwar gwamnati ta ja masu irin wannan zane a jika. Malevich ya koyar a garin Vitebsk, ya shugabanci wata cibiyar nazarin zane a Leningrad, wato Petrograd ɗin bayan an sauya mata suna. Sai reshe ya juye da mujiya: aka rufe cibiyar a 1926, aka tsare shi a 1930, a 1932 kuma gwamnatin Stalin ta rushe ƙungiyoyin masu fasaha masu zaman kansu. Hoton manomi da ma'aikaci cikin fara'a ake so, ba murabba'i ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aikin ya tsira. Da ya je Berlin a 1927, ya bar zane-zanensa masu yawa a can, bai kuma sake ganinsu ba har ya rasu a 1935. 'Yan Nazi suka hau mulki, su ma ba sa ƙaunar irin wannan zane. Alexander Dorner, shugaban gidan tarihi na Hanover, ya ɓoye su duk da haɗarin da ke ciki. Alfred Barr, Ba'amurke, ya naɗe biyu a cikin lemarsa ya fice da su daga Jamus. Sauran sun daɗe a hannun Hugo Häring, mai zanen gine-gine, kafin gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam ya saye su a 1958. Wallahi ina girmama waɗannan masu riƙon amana kamar yadda nake girmama mai zanen kansa.

Shi ya sa yanzu duk zanen da ɗalibi ya miƙo mini, sai na rubuta sunansa da kwanan wata a baya, na ɗauki hoto da waya, na naɗe shi a takarda na ɗora a saman kanta, nesa da gara da danshin damina.