Yadda palan ya taimake ni wajen maida injin jirgina

Ni dai aikina walda ne da gyaran janareta a nan Maradi, amma akwai wani ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya da nake haɗawa a bayan garejinmu, duk kuɗin da ya rage mini nan yake tafiya. Injin da na sa mai na Volkswagen ne, tsohuwar motar nan mai kama da kunkuru, silinda 4, 1600cc, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, shi ya sa masu haɗa jirgi a gida suka daɗe suna amfani da shi. Ko bayan an cire fanka da murfinta ya haura kilo 70.

Karon farko da hannu munka ɗora shi, mu huɗu. Wallahi ba zan manta ranar ba, lokacin zafin Afrilu ne, zufa na zuba, uku na riƙe da inji ni ina neman ramin noti, kowa na cewa yi sauri hannuna ya mutu, to cikin saurin nan na tura bulon guda a karkace na bi shi da guduma, inji kuma ya zame ya danne yatsan ƙanena sai da farce ya fita. Bayan wata biyu na ga tsaga a jikin ƙarfen da ke riƙe injin, daidai wurin bulon ɗin da na matsa da ƙarfi. Dole komai ya sauko.

Sai na je wurin wani dattijo mai gyaran manyan motoci a hanyar Dan Issa, Baba muke ce mai. Ya ji labarin ya ce "yarona, mutum gajiya yake, sarƙa ba ta gajiya." Ya ara mini palan ɗinshi na tan 1, wato abin ɗaga kaya masu nauyi da ake jan sarƙarshi da hannu, wanda 'yan Najeriya ke cewa cen bulok. Na yi wa palan ɗin ƙafa uku da bututun ƙarfe mai kauri, na ɗaure ƙafafun da sarƙa ta ƙasa don kar su buɗe, kuma da yake ƙasarmu rairayi ce na shimfiɗa katako a ƙarƙashin kowace ƙafa.

A da na ɗauka amfanin palan ɗaga nauyi ne kawai. Ashe babban amfaninshi haƙuri ne. Inji ya tsaya a sama cak, ba mai nishi a kunnenka, ka ja sarƙa kaɗan ya hau kamar faɗin farce, ka ja ta ɗaya gefen ya sauko, har ramuka huɗun nan su zo daidai bulon ya shige da yatsa biyu. Na bar shi rataye kusan awa 3 ina gwada robobin da ke shanye girgiza, na ga tiyon mai na goga da ƙarfe na canza mai hanya, na ga wayar wuta ta yi kusa da salansa. Duk wannan da mutane ke riƙe ba zan gani ba.

Wurin ratayawa ma sai da Baba ya gyara mini. Na so in zagaya igiya a bututun shan iska, ya ce kul, a jikin bulok, wato gangar jikin injin, ake ɗaurewa. Munka ɗaga kaɗan munka ga ya rinjaya gefe, munka sauke munka matsar da ƙugiya, sau uku kafin ya zauna sosai. Sannan duk lokacin da inji ya bar hancin jirgina, wutsiya faɗuwa take yi ƙasa, don haka tun kafin in kwance noti na farko na sa mata jaki da tsohuwar taya, na kuma tokare tayoyi da katako. Hannu ko ƙafa ba sa shiga ƙarƙashin abin da ke rataye, wannan kam ƙanena da kanshi ke tsawatar wa yaran gareji.

Na kuma rataya sikeli tsakanin ƙugiya da inji na rubuta nauyinshi, don lissafin daidaiton jirgi ya dogara da shi. Yanzu inji ya zauna, saura farfela da gwaji a ƙasa, maganar tashi kuma sai hukumar ANAC mai kula da harkar jiragen sama a Nijar ta duba ta yarda. Palan ɗin Baba na mayar ranar Juma'a da goro, nawa nake tara wa kuɗi.