Abin da karatun Filibiyawa ke koya wa ɗalibin tauhidi

Wasiƙar manzo Bulus zuwa ga Filibiyawa tana da sura 4 da aya 104. Idan aka karanta ta da murya daga gaisuwa har zuwa albarkar ƙarshe, ba ta wuce minti 15 ba. Duk da haka ɗalibai da yawa kan shiga ajin tafsiri ba su taɓa karanta ta a zama ɗaya ba. Sun haddace 4:13 ("Zan iya yin kome ta wurin mai ƙarfafa ni"), sun yi wa'azi a kan 4:19 (alkawarin cewa Allah zai biya dukan bukatunku), amma ka tambaye su wane ne Abafaroditas, sai shiru.

Aikin farko ke nan: a buga wasiƙar a takarda ba lambar sura ba lambar aya, a karanta ta sau biyar kafin a taɓa littafin sharhi. Bulus bai sa waɗannan lambobi ba. Rabon surori ya zo ne a ƙarni na 13, ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Ingila, na ayoyi kuma Robert Estienne, mai buga littattafai, ya sa a bugunsa na Sabon Alkawari na 1551. Suna taimakawa wajen nemo wuri, amma sukan yanke magana a tsakiya. Gargaɗin da ya fara a 1:27 bai tsaya ba sai 2:18, kuma 4:1 rufin sura ta 3 ce. Wanda ya tsara wa'azinsa bisa lambar sura zai raba kai da gangar jiki.

Sai a koma Ayyukan Manzanni 16 a ga garin. Filibi na ƙasar Makidoniya, gari ne da Romawa suka zaunar da tsofaffin sojojinsu bayan yaƙin shekara ta 42 kafin haihuwar Almasihu, mutanensa kuma na tinƙaho da zama 'yan Roma. A nan Lidiya mai sayar da shunayya ta ba da gaskiya, a nan aka yi wa Bulus da Sila bulala aka jefa su kurkuku. Da wannan a zuciya, maganar 3:20 cewa 'yancinmu na zama 'yan ƙasa a sama yake sai ta yi nauyi. Ga mutanen da takardar zama ɗan Roma ita ce abin alfaharinsu aka faɗi haka.

Inda na fi son ɗalibi ya daɗe shi ne bin kalma ɗaya a Helenanci. Kalmar phroneo, wato yadda mutum ke sa hankalinsa da halin zuciyarsa, ta fito sau 10 a wasiƙar. Fassara, ta Hausa ko ta Turanci, takan sauya mata kalma bisa ga jimla, zaren kuwa sai ya ɓace wa mai karatu. A ɗauki jan biro a ja mata layi duk inda ta fito. Za a ga a 2:2 Bulus ya ce su zama da ra'ayi ɗaya, a 2:5 ya ce su ɗauki halin da ke cikin Almasihu Yesu, sa'an nan a 4:2 ya maimaita kalmomin 2:2 ga mata biyu, Afodiya da Sintiki, waɗanda suka yi fama tare da shi cikin aikin bishara amma yanzu ba sa jituwa. Wannan ya sauya yadda ake karanta 2:6-11. Waƙar Almasihu da ya wofinta kansa ya ɗauki siffar bawa har mutuwar gicciye, ana iya cika shafi 15 a kanta da muhawarar tauhidi, kuma muhawarar na da amfani. Amma Bulus ya kawo ta ne domin ikilisiyar da son kai da gasa suka fara shiga. Takardar tafsirin da ba ta haɗa waƙar da 2:3-4 ba, ta bar rabin aikinta.

Kuskuren fahimtar 4:13 daga tsallake aya ta 11 da ta 12 yake fitowa. "Kome" ɗin da Bulus ke iya yi ta wurin mai ƙarfafa shi, ya riga ya lissafa: ƙoshi da yunwa, yalwa da rashi. Ɗaurarre ne yake rubutu, yana gode wa kyautar da Abafaroditas ya kawo masa, mutumin da ya yi ciwo har ya kusa mutuwa a wannan aike. Kalmar da ya yi amfani da ita a 4:18, apecho, ita ce ake rubutawa a takardun ciniki na lokacin idan an karɓi biya cikakke, kamar rasit. Alkawarin 4:19 ma ga waɗannan masu bayarwa aka yi shi, waɗanda suka aika masa taimako fiye da sau ɗaya tun yana Tasalonika.

Batun inda aka rubuta ta, Roma wajen shekara ta 60 zuwa 62 ko Afisa kafin nan, sakin layi ɗaya ya ishe shi a takarda. Haka ma ra'ayin masu cewa wasiƙu biyu ko uku aka haɗa saboda yadda murya ta sauya farat ɗaya a 3:2. A kawo hujjar kowane ɓangare, a faɗi matsayi, a wuce.

Littattafan sharhi su zo a ƙarshe, biyu ko uku da ba su yarda da juna ba. Ɗalibin da ya buɗe su tun ranar farko yakan kwafi tsarin marubucin, in malami ya tambaye shi dalilin da ya yanke sashe a 2:18 maimakon 2:11, ba shi da amsa daga cikin nassin.