Jijiyar da radiyo bai nuna mini ba

Wani dattijo ɗan kasuwa daga Tibiri ya zo a cire masa haƙori, turmin ƙarshe na ƙasa, wanda ya fito a kwance. Na yi masa allurar kashe zafi, na jira, na ƙara. Leɓe ya mutu, rabin harshe ya mutu, duk alamun da muke jira sun bayyana. Amma ina taɓa dasashin da ke bayan haƙorin sai ya zabura. Ɗansa ya ce, "Baba, ka daure mana." Shi kuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Likita, wallahi ina ji."

Na ajiye kayan aiki, na koma kan radiyon fanoramik da ya zo da shi, wato hoton ƙashi da ke nuna muƙamuƙi duka a shimfiɗe. Hanyar jijiya a cikin ƙashin muƙamuƙi guda ce, layukanta biyu farare suna tafiya ƙarƙashin saiwoyi har ramin fita kusa da haɓa. Sai wata inuwa siririya a bayan haƙorin, wadda ba zan rantse a kanta ba, don tudun ƙashin cikin muƙamuƙi ma yakan yi irin wannan zane. Na ce sai ya je Yamai a yi masa hoton CBCT, wanda ke nuna ƙashi ta kowane ɓangare, har kaurinsa. Fiye da kilomita 600, ga kuɗin mota, ga na hoto. Ɗan bai ɓoye ɓacin ransa ba, ni ma abin ya yi mini nauyi.

Da hoton ya dawo, jikina ya yi sanyi. Hanya ta biyu ce, tana da mashigarta daban a sama da inda allurarmu take sauka, ta gangaro ta ɓullo a bayan turmin, daidai inda wuƙata za ta bi. Irin wannan hanya ba jijiyar ji kaɗai take ɗauke da ita ba, har da ta jini. Da na bi maganar "ka daure", da jini ya cika wurin, kuma dattijon yana iya komawa gida da mataccen dasashi.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne yadda aka koya mana cewa rabuwar hanyar jijiya gida biyu ba kasafai ake ganinta ba. Binciken wani masani mai suna Langlais na 1985, da fanoramik, ya same ta a ƙasa da kashi 1 cikin 100. A 2009 wani masanin, Naitoh, ya duba da CBCT, ya ga rassa a kusan kashi 65 cikin 100 na mutanen da ya bincika, ya kasa su gida huɗu. Muƙamuƙin mutane bai sake ba, hoton fanoramik ne yake danne faɗin ƙashi ya mai da shi shimfiɗe. Tun a cikin uwa ma hanyoyi uku ne suke haɗewa su zama ɗaya, kuma ba kowa ne tasa take haɗewa tsaf ba.

Ba na cewa a tura kowa Yamai, mutanenmu ba za su iya ba. Amma in leɓe ya mutu mutum yana cewa yana ji, ku yarda da shi, ku sake duba bayan turmin da kyau. A wurin dattijon, allurar Gow-Gates na yi, wadda take kama jijiyar tun daga sama kafin ta rabu, na ƙara kaɗan a bayan haƙorin, na karkatar da yanka wajen kumatu. Haƙorin ya fita, jini bai wuce kima ba, kuma da ya dawo cire zare leɓensa da dasashinsa duk suna ji.