Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har kwamfutocin yara suka hau rezo

Assalamu alaikum ƴan uwa na Tawa da na nesa. Alhamdu lillahi, daren Alhamis kwamfuta ta bakwai ta kama Wi-Fi, kuma ɗakinmu na koya wa yara kwamfuta a Sabon Gari zai buɗe ran Litinin kamar yadda muka yi wa iyaye alkawari. Kwana 5 muka yi muna fama, shi ya sa ba zan bar abin ya wuce ban ambaci waɗanda suka sha wahalar tare da ni ba.

Farko dai godiya ga Alhajin da ya aiko mana da kwamfutocin cinya guda 7 daga Yamai. Ya ce kar a faɗi sunansa, to Allah ya san shi. Tsofaffi ne amma lafiyayyu. Damuwar ita ce Windows 10 da ke kansu an daina ba shi gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025, su kuma ba su da ƙarfin da Windows 11 ke nema. Sai na yanke shawarar sa musu Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, na zaɓi nau'insa da ake kira Debian 12 don ba ta da nauyi kuma ba a biyan ko dala. An girka lafiya lau, allo ya kawo, sauti ya fito. Da na je haɗa su da akwatin Wi-Fi, sai na tarar ko sunan rezo ɗaya babu. Duk bakwai ɗin. Ban duba irin katin da ke cikinsu ba kafin in share tsohon tsarin, kuma wannan sakacina ne.

Kwana biyu ina zaton katunan sun mutu, har na fara tambayar kuɗin ƴan ƙananan da ake soka wa a ramin USB. A nan ne ɗan yayata, wanda ke karatu a Jami'ar Djibo Hamani, ya shigo maganar. Ya zo bayan la'asar da ƙurar hunturu a ƙafarsa, ya ce, “Kawu, kar ka sayi komai tukuna, bari mu tambayi na'urar da kanta.” Ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya buga lspci, sai ga sunan katin ya fito: Broadcom BCM43142. Ya ce katin yana da rai, tafinta ne babu. Direba kenan, ƙaramar manhajar da ke fassara magana tsakanin zuciyar Linux da ƙarfen da ke cikin kwamfuta. Mafi yawan direbobi suna zuwa ne tare da zuciyar tsarin, amma na wannan katin, mai suna wl, ba ya cikin buɗaɗɗun manhajoji, don haka sai an sauko da shi daban, a kunshin da ake kira broadcom-sta-dkms.

To ga inda gizo ke saƙa: sai da intanet za a sauko da direban, direban kuma shi ne zai kawo intanet. Maƙwabcinmu mai shagon caji, Allah ya yi wa kasuwarsa albarka, shi ya warware wannan. Ya ba mu wayarsa ta Android da igiyarta, muka raba intanet ta USB, wanda Debian ta gane nan take ba tare da an girka komai ba. Ya ƙona forfe ɗinsa a kanmu, da na miƙa masa kuɗi sai ya ce, “Malam, ai ƴata ma tana cikin waɗanda za su zauna a ɗakin nan.”

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yaron nan ya ƙi karɓar kujerata. Na ce, “Ɗana, ka yi kawai mu gama.” Ya ce, “A'a Kawu, in na tafi hutu wa zai yi?” Ni na ƙara kalmar non-free a fayil ɗin da ke nuna wa tsarin rumbunan manhajoji, domin Debian 12 tana zuwa da non-free-firmware ne kaɗai, kuma rumbu biyu ne daban duk da sunayen sun yi kama. Ni na girka linux-headers, waɗanda sai da su DKMS, manhajar da ke harhaɗa direba, ke iya gina direban daidai da zuciyar da ke kan kwamfutar. Ya kuma nuna mini amfanin DKMS ɗin: duk lokacin da aka sabunta zuciyar, zai sake gina direban da kansa. Shekarata 51, hannuna na rawa, shi kuma yana tsaye yana jira in gyara harafin da na ɓata. Da ta farko ta kammala, ya kwashe kunsoshin a kile, muka girka wa sauran ba tare da sake cinye forfe ba.

Huɗu sun tashi a daren. Uku suka ƙi, ga direba a girke amma tsarin ya ƙi ɗora shi. Ana cikin haka aka ɗauke kuran, muka ƙarasa da fitilar waya. Washegari wata malama mai koyar da ilimin kwamfuta a Yamai, wadda ban taɓa gani da ido ba, ta saurari bayaninmu ta WhatsApp, ta ce mu duba Secure Boot, wani tsaron da ke tantance manhajoji lokacin da kwamfuta ke tashi. Ashe a kan ukun nan a kunne yake, kuma ba ya yarda da direban da ba a sa masa hannu ba. Ta ce kar mu kashe shi, mu yi rajistar makullin da DKMS ke sa wa direba hannu da shi ta hanyar umarnin mokutil, sannan mu sake kunna kwamfutar mu amsa a shuɗin allon da zai fito. Ta kuma ja mana kunne kan abin da da ya ci mana wani yinin: madannanmu AZERTY ne, jerin haruffa na Faransanci, shuɗin allon kuwa yana karanta su kamar QWERTY, na Ingilishi, don haka mu zaɓi kalmar sirri mai haruffan da wurinsu ɗaya ne a duka biyun. Malama, Allah ya saka da alheri, ya raya miki zuri'a.

Ina kuma gode wa masu aikin sa kai na Debian da suka rubuta matakan nan dalla-dalla suka ajiye kyauta. Ba su san Tawa ba, amma rubutunsu muka bi layi-layi. Uwargida ma da ta riƙa aiko mana da tuwo har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na gode.

Na rubuta matakan duka a littafi da Hausa, kile ɗin kuma yana cikin aljihun teburina. Duk wanda ke da kwamfuta mai irin wannan katin a Tawa, ya kawo ta bayan sallar la'asar, za mu zauna ya girka da hannunsa. Iyaye kuma, ran Litinin ƙarfe 4 na yamma, kowane yaro ya zo da littafi da biro.